Alkawarin da Ke Kan Fuskar Tahira

Jiratawa, 6 ga Mayu

Kubra ƙanwata,

Kada ki yi ta juya takardar kina neman ta wace ce. Ni ce Indo ta Jiratawa, mai ginin tukwane, wadda kakarta da kakarki suka sha nono ɗaya a Tibiri. Bakin nawa ne, hannun na ɗiyata Tahira ne, tunda ita ce ta yi lakkol, karatun boko, a gidan nan.

Ina gaishe ki gaisuwar zumunci. Ya aiki, ya zafi, ya 'ya'yan mutane da kike koyarwa? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Nomau maigidana da ke damunsa, ita ma da sauƙi. Rabona da ke tun rasuwar mahaifiyarki Hajiya Sauda, shekara bakwai ke nan, Allah ya ƙara mata rahama. Ban ce laifinki ba ne. Ban kuma ce nawa ne ba.

Na san za ki ce ina waya. Waya ɗaya ce a gidan, ta Nomau ce, kuma in ana magana da ita har awaki sai sun ji abin da aka ce.

Maganar hancin Tahira ce. Tana da shekara goma sha ɗaya ta faɗo daga kan amalanke, fuskarta ta bugi bakin randa. Muka kai ta wurin maɗori, ya duba ya ce shi ƙafa da hannu ya sani, hanci ba shi da wurin ɗaura kara. Haka ya warke, tsakiyar ta lotsa, ƙarshen ya karkata hagu. Yanzu shekararta ashirin. Da baki take numfashi. Ba ta jin ƙamshi, ba ta jin wari, miya sai ta ƙone tana zaune a gabanta. Lokacin korona da aka ce kowa ya rufe hanci, yarinyar nan da kanta take kai kaya kasuwar Maraɗi, ta yi ciniki, ta yi dariya da mutane. Da kowa ya cire takunkumi sai ita kaɗai ta rage da nata. Yanzu ko bakin rijiya sai an yi da gaske take zuwa.

To wata amarya ta zo sayen kaskon turare, ta nuna mana a wayarta wata Hajiya Samira mai shagon kwalliya a Sabon Gari. An ce tana gyara hanci da allura, ba yanka, ba jini, kafin shayi ya huce an gama. Ke kika yi karatun jikin mutum a Yamai. Ki bincika mana. Ranar Litinin zan haɗa ta da Maiwada, mai kai mana tukwane kasuwa, ki gan ta da idonki.

Yayarki,
Indo

Tanti, wannan ni Tahira na ƙara, Inna ba ta sani ba. Cikin tsumman da Maiwada zai ba ki akwai fuska da na gina da yumɓu. Tawa ce, hancin ne kawai na yi yadda nake zaton da zai zama. Ban gasa ta ba, kada ruwa ya taɓa ta. Ba dogo nake so ba. Wanda ba a kallo nake so.

Maraɗi, unguwar Zariya, 12 ga Mayu

Yaya Indo,

Na ga takarda, na gode da gaisuwa. Ina lafiya, gwargwadon yadda mai koyar da yara saba'in a ɗaki ɗaya cikin watan Mayu ke iya zama lafiya. Ki gaishe da Nomau, ki ce masa ƙafa ba ta jin maganin da ba a haɗa shi da hutu ba. Shekara bakwai ɗin da kika ƙirga daidai ne. Tsakaninmu tafiyar minti ashirin ce a kabu-kabu, mun dai yi ƙoƙari, ni da ke, mun maishe ta Makka.

Kafin Tahira ta zo na leƙa shagon Hajiya Samira ni kaɗai. Shago ne mai kyau. Akwai sanyi, akwai madubai huɗu, akwai takardar shaida a bango cikin gilashi. Na matsa na karanta, tunda ba wanda ya hana. Ta koyon ƙunshi da gyaran gira ce, ta kwana goma. Na tambaye ta me ke cikin allurar, ta ce na Dubai ne. Na ce sunansa fa? Ta ce ai ta faɗa mini.

Ranar Litinin na kai Tahira wurin Dokta Sha'ibu, likitan hanci da maƙogwaro, wanda muka yi jami'a tare. Zan gaya miki abin da ya ce da harshen sana'arki.

Allura ciko ce, kamar ki shafa ɗanyen yumɓu a kan tulun da ya lotsa. Tana cike rami daga waje. Ba ta miƙe abin da ya karkace a ciki, ba ta buɗe hanyar iska. A hannun likita, ga wadda lotsinta kaɗan ne kuma tana numfashi lafiya, tana da amfani, ta yi shekara ɗaya ko ɗaya da rabi jiki ya shanye ta. Tahira ba ita ce wannan ba. Bangon da ya raba ƙofofin hancinta biyu ya karye ya kwanta, shi ya toshe ta. Kuma hancin da ya taɓa karyewa, hanyoyin jininsa ba sa nan inda aka saba ganinsu. In ruwan allurar ya shiga ɗaya ya toshe ta, fatar wurin mutuwa take yi.

Abin da ya dace da ita aiki ne. A sa ta barci, a miƙe bangon, a ɗebo ɗan guringuntsi daga haƙarƙarinta a tada tsakiyar da shi. Kumburi na sati biyu, sannan watanni kafin ya zauna, daga nan nata ne har ƙarshen rayuwa, da numfashin duka. Likitocin fiɗa na zuwa a watan Nuwamba, kyauta suke yin irin wannan. Ya sa sunanta. Abin da ya rage babba daga gida ya zo ya sa hannu, ya kuma zauna jinya.

Na nuna masa fuskar yumɓun. Ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya ce shi shekara shida ya yi kafin ya gane inda hanci ke tashi daga goshi, wa ya koya wa wannan? Tahira ta yi dariya a ƙarƙashin takunkumi. A idonta na gani.

Fuskar tana kan teburina, tana danne mini takardun ɗalibai. Ta fi yawancinsu nutsuwa.

Ƙanwarki,
Kubra

Jiratawa, 20 ga Mayu

Kubra,

Muna gaisuwa, muna kuma godiya da ɗawainiya. Lafiya lau muke. An yi yayyafi shekaranjiya, bai kai na shuka ba, amma ya sa mun kwashe ɗanyun tukwane zuwa ɗaki da gudu.

Tahira ta karanta mini takardarki sau biyu. Wurin Makka na yi dariya. Wurin haƙarƙari ban yi ba.

Akwai abin da mahaifiyarki ta sani. Ban san ko ta gaya miki ba, tunda gidan Alhaji babanki ba a son jin labarin Tibiri, mu arna ake ce mana ko da mun fi liman yawan salla. Kafin Tahira na binne huɗu. Ba wanda ya kai yaye. Da na ɗauki cikinta, Iya Nana, yayar uwata, ta kai ni gindin tsamiyar gidan kakanninmu, aka yanka baƙar akuya, aka roƙi Doguwa, iskar da ke riƙe da gidanmu tun kaka da kakanni. Doguwa ta hau Iya, ta yi magana da bakinta. Ta ce za ta bar mini wannan, amma da sharaɗi: daga wuya zuwa sama nata ne, ƙarfe ba zai taɓa ba.

Shi ya sa kika ga Tahira ba ta da tsagar gidanmu. Ba a cire mata beli ba. Ba a yi mata askin suna ba, wanzami ya zo ya ci tuwo ya tafi da askarsa a zabira. Kunnenta da ƙayar aduwa aka huda.

Ina salla, Kubra, ina azumi, kin sani. Amma huɗu na binne, ta biyar ga ta zaune gabana tana rubutu. In ke ce, za ki gwada?

Shi ya sa na tambaye ki allura, ban tambaye ki wuƙa ba. Ki gode wa likitan, ki ce Allah ya saka. In akwai wata hanyar da ba yanka, ki gaya mini.

Indo

Tanti, ni ina son aikin. Amma Inna ta yi kuka da na zo wurin sa barci. Don Allah ki rubuto mata a hankali.

Maraɗi, 3 ga Yuni

Yaya Indo,

Ina amsa gaisuwa. Lafiya lau, sai jarrabawa da ta matso, iyayen da ban taɓa gani ba tun Oktoba duk sun tuna ina da suna.

A'a, Hajiya ba ta gaya mini ba. Ban san fuskar tana da mai ita ba. Da na sani, da ban wahalar da Dokta Sha'ibu ba, da takardar sa hannun kai tsaye na aika gindin tsamiya.

Ina da tambaya biyu, irin na ɗalibar da ba ta gane darasi ba. Ta farko: ranar da randa ta fasa hancin, ina Doguwa take? Ko ita ƙarfe kawai aka ɗauke ta gadi, yumɓu ba aikinta ba ne? Ta biyu: allurar Hajiya Samira, da me kike zaton aka ƙera ta? Da karan dawa?

Tunda Doguwa na amsa tambaya, kuma ba ta sa mutum layi kamar asibiti, ku je Tibiri ku tambaye ta ko allura ƙarfe ce. Abin da ta ce ku rubuto mini, in ƙaru. Na yi shekara biyar a jami'a ba a koya mini wannan babin ba.

Sunan Tahira na nan a takardar likita. Nuwamba na da nisa.

Kubra

Jiratawa, 17 ga Yuni

Kubra ƙanwata,

Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, an yi shuka, ƙafar Nomau ta bar shi ya je gona.

Da Tahira ta gama karanta takardarki ta ce wai ba'a kike yi. Na ce ta rufe mini baki, ɗiyar Hajiya Sauda ba za ta yi ba'a da 'ya'yana huɗu ba. Mai ilimi in ya ce a tambaya, to ya ga wurin tambaya ne. Ni shekara ashirin ban taɓa tunanin ana iya komawa a nemi bayani ba.

Mun bi shawararki. Mun je Tibiri da goro da turare da baƙar kaza. Iya Nana ta tsufa ƙwarai, idon ya tafi, amma da mai goge ya ja sau uku sai ta miƙe kamar ba ita ba. Na yi tambayoyinki duka biyu, yadda kika jera su.

Ta randa, Doguwa ta ce tana nan ranar. Ta ce wuya ne zai bugi randar, ita ta juya yarinyar. Ta allura kuwa, ta ce abin da ta hana shi ne mai yanka ya raba fata biyu. Allura ƙanwar ƙaya ce, shiga take ta fito.

Kin ga ashe hanya na nan, ke kika nuna ta. Ranar Litinin mai zuwa za mu shigo wurin Hajiya Samira da hantsi. Na sayar da tunkiyata. Nomau bai sani ba, na ce masa kasuwa za mu, in ya ga hancin ya yi faɗansa daga baya. In kina da sarari ki same mu can.

Indo

Tanti, na tuna abin da likita ya ce game da hanyoyin jini. Na gaya wa Inna, ta ce ai takardarki ta biyu ta shafe ta farko. Ni ma na gaji, Nuwamba na da nisa, kuma ko ta zo Inna ba za ta sa hannu ba. In bai kamata ba ki aiko kafin Litinin. In ban ji ki ba, na san kin yarda.

Jiratawa, 22 ga Yuni

Tanti Kubra,

Ina gaishe ki. Ni kaɗai ce yau, Inna na waje tana kwaɓa ƙasa. Kowa lafiya, sai ni.

An yi shekaranjiya. Da Hajiya Samira ta soka ta farko ban ji komai ba. Ta biyu na ji kamar an ɗora mini garwashi, na riƙe hannunta, ta ce alamar magani na aiki ke nan. Da ta gama ta juya ni wajen madubi. Tanti, ya miƙe. Kusan irin na yumɓun. Na fito ban sa takunkumi ba, na bi ta cikin kasuwa, ba wanda ya kalle ni. Wata mai tumatir har ta zage ni don na taka mata buhu, ba ta ko dubi fuskata ba. Na yi kamar awa biyu da hanci.

Kafin mu iso gida kan hancin ya yi fari fat, ga sanyi kamar ba nawa ba. Jiya ya koma shuɗi-shuɗi, da zane kamar raga, har gefen hagu. Yau akwai ƙananan ƙuraje masu ruwa. Zafin ba ya barina in kwanta ta wannan gefen.

Mun koma shagon jiya. Ta ce in shafa man kaɗe in yi haƙuri, masu baƙar fata haka yake fara yi musu. Mun biya ta gidanki, a kulle. Mun kira ki da wayar maƙwabciyarmu sau uku. Na ce wa Inna mu je wurin Dokta Sha'ibu, ta ce in ya gani wuƙa zai ɗauko, mu jira ki tukuna.

Baba ya gani. Bai yi faɗa ba, ya fita ya bar tuwonsa.

Zan ba Maiwada ya tura wannan ta ƙarƙashin ƙofarki. Ki gaya mini ko haka yake yi.

Tahira

Maraɗi, 8 ga Yuli

Yaya Indo,

Gaisuwa a taƙaice. Ku kawo Tahira asibiti yau, ba gobe ba. Kada ku shafa komai a wurin. Na biya mai kabu-kabun da ya kawo wannan takarda, zai jira ku.

An tura ni Dakoro gadin jarrabawa da gyaran takardu tun sha biyar ga Yuni. Ban gaya muku ba, don ban ga abin gaggawa ba. Ɗazu na buɗe ƙofa na tarar da takardunku biyu a ƙasa, ɗaya kan ɗaya. Kiran nan uku na gan su. Lambar da ban sani ba ce, na ɗauka uban wani ɗalibi ne ke neman a ƙara wa ɗansa maki. Har na yaba wa kaina da ban ɗauka ba.

Na je wurin Dokta Sha'ibu da takardar Tahira, ya karanta a tsaye. Ya ce hanyar jini ce ta toshe. Ya ce da an zo a ranar farko, akwai maganin da ke narkar da cikon, in ma irin mai narkewa ne aka sa mata, wanda ba mu sani ba. Na biya Sabon Gari in tambaya. Shagon na kulle, maƙwabta sun ce Hajiya ta yi tafiya. Yanzu abin da ya rage a wanke wurin, a hana shi ruɓa, a ceci abin da ya saura. Ba wuƙa a wannan, na yi miki rantsuwa. Auduga ce da magani.

Yaya, takardata ta uku ga Yuni ba'a ce. Tahira ta karanta daidai. Ban taɓa nufin ku je Tibiri ba, ban yarda akwai wanda zai amsa a can ba sai Iya Nana da tsufanta. Na zauna na tsara magana don ta yi daɗin karantawa, na manta ban rubuta kalma uku ba: kada ku je. Yarinyar ta roƙe ni in rubuto a hankali. Ki yafe mini, amma ki yafe daga baya. Yanzu ki sa mata mayafi ku hau.

Kubra

Jiratawa, 15 ga Yuli

Malama Kubra,

Muna lafiya. Mun sallami mai kabu-kabunki da ruwan sha.

Wurin ya yi baƙi, baƙin ya faɗi ranar Talata, ya tafi da gefen hancin na hagu. Ba sai na faɗa miki yadda wurin yake ba, ke kika yi karatu.

Na sa an karanta mini takardarki sau ɗaya, ya isa. Na tafi da ita Tibiri na gaya wa Iya Nana abin da ke ciki, don ni na kai tambayar, ni zan kai gyaranta. Iya ta ce to yanzu an gane. Ta ce Doguwa ba ta ƙarya, amma wanda ya aiko mata da ba'a, da ba'a take mayar masa. Mun tsaya gabanta da kaza da turare muna maimaita maganar wadda ke yi mata dariya, mu ba mu sani ba, ita ta sani.

Da kin yi shiru, da mun ce tsautsayi ne, wataƙila da na kawo ta. Yanzu mun san dalili. An taɓa da ƙanwar ƙaya an ga abin da ya biyo baya, ba zan kai ta gidan da wuƙaƙe ke jere a faranti ba. Doguwa ta ɗauki gefe ɗaya ta bar mini yarinyar da rai. Na gode mata.

Gobe Tahira za ta koma wurin Iya, har sai an ga Doguwa ta huce. Wannan ce takarda ta ƙarshe da za ta rubuta mini. Na yafe miki, tunda kin roƙa. Kada ki sake rubutowa.

Indo

Maraɗi, 21 ga Agusta

Yaya Indo,

Ina gaishe ki. Ina fata gero ya yi kyau, ina fata ƙafar Nomau ba ta tashi da damina ba. Ni lafiyata lau, abin kunya.

Kin ce kada in sake rubutowa. Maiwada ma ya ce an hana shi karɓa, ya faɗa yana kallon jakinsa. Kuma ko ta isa, mai karanta miki tana Tibiri. Saboda haka wannan takarda ce da ba mai ɗauka, zuwa ga wadda ba mai karanta mata. Wataƙila shi ya sa zan iya rubuta ta ba ado.

Takardarki ta ƙarshe na juya bayanta, na duba gefe, na ɗaga ta a rana. Tahira ba ta ƙara komai a ƙasa ba.

Jiya na je Tibiri. Na tafi da takardar Dokta Sha'ibu. Bai goge sunanta ba. Ya ce har yanzu ana iyawa, sai dai aikin da a da ɗaya ne ya zama uku, kuma fatar da za a rufe wurin da ita daga goshinta za a yanko. Na sa fuskar yumɓun a jaka, cikin tsummanta, ban san dalili ba.

Na tarar da Iya Nana a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama.

Ta ce, "Wace ce mai ƙamshin sabulun birni?"

Na ce, "Kubra ce, Iya. Ta Sauda."

"Matso."

Na durƙusa. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta tsaya a kan hancin, ta kama shi da yatsu kamar mai duba kaza a kasuwa.

"Nawa ne wannan," ta ce. "Da aka haife ki kamar an danna maɓalli yake. Kwana arba'in ina gasa shi da ruwan ɗumi ina ja, kina tsala ihu, babanki na cewa a bar masa ɗiya. Ga shi nan har baka. Da me na yi? Da wuƙa?"

Na san ja ba ya ƙara wa hanci komai. Ina koyar da haka a aji, da zane a allo, yara na dariya. Amsa ta zo mini har bakin harshe, mai kyau ce kuwa. Na haɗiye ta. Na yi latti da wata uku wajen koyon wannan.

Na ce, "Na gode, Iya. Tahira na zo gani."

"Ba a ɗaure take ba."

Tana ɗakin da ke kusa da tsamiyar. Ta fito bakin ƙofa, ba ta ƙetare dokin ƙofar ba. Ba takunkumi yanzu, ƙyalle ne fari aka ɗaura ta bayan kai. Muryarta ta canja, iska na fita ta inda bai kamata ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi Dakoro. Na miƙa mata takardar, ta karanta har ƙasa, har da hatimin.

"Daga goshi," ta ce.

"Tabon zai ɓace a hankali. Zan zauna da ke duka ukun. Ni zan sa hannu, in an ƙi in yi rigima."

"Goshin ma na Doguwa ne, Tanti."

"Tahira, ke kin san ba haka ba ne. Ke kika ce kina son aikin."

Ta dubi wajen Iya, ta rage murya.

"Na sani. Hanyar jini ce ta toshe. Ke kika rubuta, ni na karanta, sau biyu ma. Amma in na bi ki aka yanka, Inna za ta zauna jiran gawata. In na yi tari ba za ta yi barci ba. In zazzaɓi ya kashe ni bayan shekara goma, za ta ce ita ta kashe ni da hannunta. Yanzu kuwa tana cin abinci. Ta ce an biya, an gama. Huɗu sun ishe ta, Tanti."

Na ce, "Ke fa?"

"Ni na yi awa biyu."

Ta ninke takardar yadda take, ta miƙo mini. Ban karɓa ba, sai ta sunkuya ta ajiye a kan jakata. Na rasa abin yi, na kwance tsumman na fito da fuskar. Na ce ko za ta riƙe, tata ce.

Ta dube ta daga inda take. Ba ta miƙo hannu ba.

"Ban gasa ta ba ai," ta ce. "Ki ajiye ta waje. Damina ce."

Iya ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce hadari na haɗowa, baƙuwa ta kama hanya in tana son mota. Tahira ta ce in gaishe da likita. Ta ja da baya, ta turo ƙyauren langa-langa. Ƙasansa na kama ƙasa, sai da ta ɗaga shi kaɗan da ƙafa, kamar yadda mai ɗaki ke yi. Na ji ta sa sakata.

Na tsaya kaɗan, ko za a ƙara wani abu a ƙasa. Sannan na mayar da fuskar cikin tsumma, na tura ta can ƙasan jaka inda ruwa ba zai kai ba, na fita bakin hanya.